Abin da Na Ƙi Fassara wa Likita

Lokacin da wannan abu ya faru ina ɗan shekara ashirin da biyar, ban cika shekara guda da dawowa Garwa daga Ngawundere ba, inda na kammala digiri a fannin shari'a. Aikin gwamnati bai samu ba, don haka nake koyarwa a wata makarantar kuɗi, ana biyana gwargwadon awoyin da na shiga aji. Gidanmu yana unguwar Rumde Ajiya. Kakanmu fatauci ne ya kawo shi daga Najeriya, mahaifinmu kuma ya gaji sana'ar: yana sayo gyaɗa da wake da masara a kasuwannin ƙauye irin su Bibemi, ya tara a sito, ya sayar wa masu lodin manyan motoci. Ni kaɗai ne na yi nisa a boko, shi ya sa duk takardar Faransanci da ta shigo gidan hannuna take faɗawa. Ina roƙon mai girma edita ya buga wannan wasiƙa yadda take. Ba zan ambaci sunan kowa ba, inda kuma ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Yayana shi ne ɗan fari, ya girme ni da shekara bakwai. Sunan kakanmu aka sa masa, saboda haka Baba ba ya kiransa da komai sai Babana. Shi ne hannun daman Baba a harka, shi ke bin mota zuwa ƙauye, kuma mutum ne mai barkwanci. Ni Bafaranshen gida yake ce mini, yana cewa wai an kashe kuɗi an koya mini yaren da ba a cinikin gyaɗa da shi. Ciwon ya fara ne bayan damina. Ya daina barci, ya rage ci, ana ganinsa yana magana shi kaɗai. Mun ɗauka gajiya ce, sai ranar da ya damƙi wani ɗan dako a bakin sito, ya ce shi ne yake ɓuya a bayan buhuna yana yi masa raɗa. Ya kama ƙeyarsa ya riƙa buga fuskarsa a jikin ƙofar ƙarfe har haƙora biyu suka fita. Sai da maza biyar suka taru kafin aka kai Yaya ƙasa, aka ɗaure shi da igiyar buhu, yana fizga har igiyar ta ci naman wuyan hannunsa. Baba ya lallashi ɗan dakon ya biya masa magani don kada maganar ta kai ga jandarma, wato jami'an tsaro. Matar Yaya kuwa iyayenta suka zo suka tafi da ita da 'ya'yanta biyu.

An yi addu'a, an yi rubutu, ban kuma raina ko ɗaya ba. Amma da na ga mako uku sun wuce babu sauƙi, sai na durƙusa gaban Baba na ce a kai shi babban asibitin gwamnati. Ya ƙi. Ya ce duk mai ciwon kai a Garwa ta barandar asibitin nan yake wucewa, kuma ranar da aka ga ɗansa zaune a layin masu taɓin hankali, babu wanda zai sake ba shi kaya bisa amana, babu kuma wanda zai sake sallama neman ƙannenmu mata. Ya ce in ni ɗan boko na san wata hanya da ido ba zai gani ba, to in bi, amma kada in sa ran ko sefa ɗaya daga wurinsa, domin kuɗin sito ta hannun ɗan'uwansa Baffa suke bi, abin da Baffa ya sani kuwa kasuwa ta sani.

Haka na nemo wani asibitin kuɗi a can wata unguwa mai nisa da tamu, inda wani likitan ƙwaƙwalwa yake ganin marasa lafiya ran Asabar. Tsarinsu shi ne sai ka biya a taga, an ba ka rasit, sannan ka ga likita, maganin kuma ka saya da kanka a farmasi. Daga aljihuna komai yake fita. Albashina ba ya kai ƙarshen wata, har kwamfutar da na yi karatu da ita sai da na sayar. Likitan mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, ba ya jin Fillanci, Yaya kuma aji uku kawai ya yi a makaranta. Ranar farko likitan ya ce a kira wata ma'aikaciyar jinya ta yi tafinta. Da ta leƙo sai na gane ta, mahaifiyarta a sitonmu take sayen wake. Nan take na ce ba a bukata, ni zan yi. A raina na ce ai abin da nake biya ke nan, kada wanda ya san mu ya ji. Likitan ya yarda, amma ya gindaya mini sharaɗi: in faɗi magana yadda ta fito daga bakin mara lafiya, kada in ce wai ya ce, in yi magana kamar ni ne shi, kada in gyara, kada in ƙawata. Na amsa da cewa wannan ai shi ne abin da na fi iyawa a duniya.

Wata biyu abin ya tafi daidai. Duk mako biyu muke zuwa. Yaya ya koma barci, ya daina zabura, sai dai maganin ya sandarar masa da jiki, yawu yana zubo masa, yana cewa ni da likitana mun mai da shi buhun masara, saura a ɗinke bakinsa a ɗora a mota.

A zuwa na biyar ne abin ya faru. Na duba rasit kafin in rubuta wannan, na biyar ne, kuma a tsakiyar zafin bazara. Likitan ya tambaya ko har yanzu yana jin muryoyin nan da ke yi masa raɗa, kuma ko suna sa shi ya aikata wani abu. Na fassara. Yaya ya gyara zama, ya amsa a natse kamar mai ba da rahoton ciniki. Ya ce mutumin da ke zaune a bakin sito sanye da rigar Baba ba Baba ba ne. Ya ce Baba na gaskiya an ɗauke shi a hanyar Bibemi, an ajiye wannan a madadinsa, kuma ya gane ne daga tarinsa, domin Baba ba haka yake tari ba. Ya ce muryoyin sun gaya masa sai ya kwantar da mutumin ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka shi kamar rago, sannan Baba zai dawo gida. Ya ce wuƙar ma ya riga ya wasa ta, ya ajiye.

Likitan ya juyo yana jirana da biro a hannu. Ina so mai karatu ya fahimci abin da sharaɗin nan yake nufi a wannan lokaci. Yana nufin in buɗe bakina, a gaban baƙo, in ce zan yanka mahaifina. A gidanmu ko sunan Baba ba ma faɗa, in muka haɗu da mai irin sunansa sai mu ce mai sunan Baba. Amma zan yi ƙarya in na ce kunya ce kaɗai ta riƙe ni. Tun ranar farko likitan ya faɗa mana cewa in ya ga alamar haɗari zai kwantar da shi, ko dai a nan inda ake biyan gado kullum, ko a tura shi asibitin gwamnati. Na farkon ba ni da ƙarfinsa, na biyun kuma Baba ya haramta, kuma kowanne na ɗauka sai ya kai ni gaban Baba ina maimaita masa wannan magana. Duk wannan ya bi ta kaina cikin ɗan lokaci kaɗan. Sai na ji kaina ina cewa da Faransanci mai kyau, muryoyin sun ragu ƙwarai, damuwata yanzu nauyin magani ce.

Likitan bai yi saurin rubutawa ba. Ya ce ya ji mara lafiya ya yi dogon bayani, shin iyakar abin da ya faɗa ke nan? Na ce sauran zancen kasuwa ne. Ya dube ni, ya dubi Yaya, sannan ya rage yawan maganin, ya ce tunda an samu sauƙi mu dawo bayan wata guda. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gaskiya ce: da na ji ya ce wata guda, daɗi na ji, domin aljihuna zai huta.

Abin da ban lissafa ba shi ne Faransancin kasuwa da Yaya yake ji. Bai iya haɗa zance ba, amma ya san yadda ake cewa uba, ya san yadda ake cewa wuƙa, kuma ya ji babu ko ɗaya a cikin abin da na faɗa. Muna fitowa bakin titi neman ɗan moto, wato mai babur ɗin haya, sai ya dafa kafaɗata yana dariya. Ya ce ashe Bafaranshen gida ba banza ba ne, ashe ni ma na gane mutumin ba Baba ba ne, shi ya sa na rufa wa shi Yaya asiri. Na ce ya yi istigfari ya bar wannan magana. Ya ce haka ne, haka ne, a bar ta a titi, ya kashe mini ido ɗaya. A nan ya kamata in juya in koma ciki. Ƙofar asibitin ba ta fi taku ashirin daga inda muke tsaye ba. Ban koma ba, domin na san sai na sake biya a taga kafin in ga likita, kuma sai na amsa cewa ƙarya na yi.

Kwana tara na yi da wannan magana a cikina. Na bincike ɗakin Yaya lokacin da ya shiga wanka, na samu wata wuƙa a ƙarƙashin katifa na jefa ta a masai, na ce wa kaina shi ke nan. Na riƙa bin Baba masallaci ina tafiya a bayansa, har ya yi mini ba'a cewa ko rashin kuɗi ne ya koya mini sallar jam'i. Sau biyu na shiga ɗakin Inna da niyyar in gaya mata, in tuna hawan jininta, in ɓige da tambayar me aka dafa.

Ranar Litinin bayan azahar Baba ya aika a kira ni sito in karanta masa wata takardar haraji. 'Yan dako suna waje suna sauke mota. Baba yana zaune a kan tabarma kusa da sikeli, ni ina tsugune a gabansa. Yaya ya shigo da sallama, muka amsa. Ya mai da ƙofar ƙarfen ya sa sakata. Ya nufi wani buhun wake da ke buɗe, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya zaro wuƙa. Ban taɓa tunanin sito ba. Kafin Baba ya yunƙura ya riga ya hankaɗe shi, ya danne ƙirjinsa da gwiwa, ya kama gemunsa ya murɗa fuskarsa gabas. Sannan ya waiwayo ya ce mini, da muryar da yake ce mini in miƙo masa igiya, in zo in riƙe ƙafafun, kada ya yi shure-shure.

Baba ya kama kaifin wuƙar da hannun dama. Yaya ya fizge. Na ga jini ya yi tsiri ya fesa a jikin buhunan. Baba yana cewa Babana, Babana, ni ne fa, Yaya kuma yana ce mini in ji yadda yake kwaikwayon muryar. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. A zuciyata ya yi tsawo, amma ba zan iya rantsuwa a kai ba. Abin da na tabbata shi ne sai da wuƙar ta taɓa wuyan Baba sannan ƙafafuna suka ɗauke ni. Na ɗauki ƙarfen awo da ke gefen sikeli na maka wa Yaya a kafaɗa. Bai saki ba. Na sake ɗagawa da hannu biyu na sauke masa a muƙamuƙi, na ji ƙarar ƙashi, ya kife gefe. Na ja sakata ina ihu.

Wannan ma kuskure ne, ko da yake ban san abin da zan yi in ba shi ba. 'Yan dako suka afko, a gabansu akwai wanda ya rasa haƙora. Suka ga Baba cikin jini, suka ga wuƙa, suka ja Yaya da ƙafa zuwa waje. Masu wucewa da ba su san komai ba suka fara ihun ɓarawo. Aka rufe shi da katako, da sanduna, da duwatsu. Na ga wani ya taka masa hannu da takalmi yana murzawa. Na ji wani yana cewa a kawo fetur. Na faɗa a kansa na rufe shi da jikina ina cewa ba shi da lafiya ne, ɗan gidan ne, amma dukan bai tsaya ba sai da haƙarƙarina biyu suka karye, Baffa da limamin unguwa suka ratsa taron suna ture mutane. A ƙarƙashina Yaya yana magana da karyayyen baki, jini yana fita, amma kowa ya ji. Cewa yake a tambayi ƙanensa, ƙanensa ya sani, a gaban likita ya faɗa kuma ƙanensa ya rufa masa asiri. A bayan buɗaɗɗiyar mota aka kwashe mu mu uku, aka ratsa kasuwa da mu, zuwa asibitin gwamnati.

Yankan wuyan bai yi zurfi ba, Allah ya tsare. Hannun ne ya lalace: jijiyoyin yatsu uku sun tsinke, kuma duk da aikin da aka yi ba su sake lanƙwasawa ba. A rana ta huɗu Baba ya sallami kowa daga ɗakin ya ce in tsaya. Ya tambaye ni me Babana yake nufi. Na fara kewaye-kewaye, ina cewa ya yi wasu maganganu marasa kan gado. Ya ce ba wannan ya tambaya ba. Ya ce in faɗa masa yadda aka faɗa, kalma bayan kalma, tunda ai aikina ke nan. Na durƙusa a gefen gadon na faɗa, tun daga tarin har zuwa alƙibla da rago, ban tsallake komai ba. Sannan ya ce to ga shi na faɗa, me ya same ni? Ya tambayi kwana nawa ne tsakani. Na ce tara. Ya ce kwana tara ina cin tuwo a kwano ɗaya da shi. Ya ce ba zai yi mini baki ba, domin shi ya fara rufe ƙofar da ta kamata a bi, amma in tashi in ba shi wuri. Ya juya fuskarsa bango.

Ranar Asabar na koma wurin likitan, na biya a taga kamar kullum, na shiga ni kaɗai na gaya masa abin da na ɓoye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da ya ji wannan magana a ranar, da Yaya bai kwana a gida ba, balle a rage masa magani. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, tunda ya ga amsar ta yi gajarta kuma ya bar ɗan'uwa ya zama tafinta. Yaya ya yi makonni a asibiti, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya. Yanzu allura ake yi masa duk wata, ma'aikaciyar jinyar nan da na kora ita ke fassara, Baba ne kuma ke biya ta hannun Baffa, kowa ya sani. Wasu abokan ciniki sun janye, wasu sun tsaya. Matarsa ba ta dawo ba tukuna.

Bayan kamar wata shida, hankalinsa ya dawo sosai, muna zaune a zaure da yamma, sai Yaya ya tambaye ni ko gaskiya ne ban fassara ba. Na ce gaskiya ne. Ya ce yawancin abin da ya faru a watannin nan kamar hayaƙi yake tuna shi, amma wannan zaman yana tuna shi sarai. Ya ce lokacin da yake gaya wa likita, akwai wani ɗan sashe a cikinsa da bai mutu ba, wanda yake fata a ji a ɗaure shi. Da ya ga ni mai lafiya, mai digiri, na ji kuma na yi shiru, sai ya ce ashe maganar muryoyin gaskiya ce. Bai ce mini Bafaranshe ba a ranar, kuma bai sake faɗa ba har yau.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba, shi ya sa na rubuto. Ba ina cewa asibitin kuɗi aibu ba ne, likitan nan ya san aikinsa, kuma maganinsa ne ke riƙe da yayana yanzu. Amma likitan ƙwaƙwalwa ba ya auna wannan ciwo da na'ura, da abin da ya shiga kunnensa yake aiki, kuma a garuruwa irin namu sau da yawa kunnen nasa wani ɗan gida ne mai jin Faransanci. In kai ne wannan ɗan gida, ka ja da baya ka bar bare ya fassara, ko da ya san gidanku. In babu kowa sai kai, to ka faɗa duka, komai muninsa, ko da sunan mahaifinka ne a ciki. In kuma ka ga aljihunka ya fara zaɓar maka abin da za ka gaya wa likita, to nauyin ya fi ƙarfinka, ka tara dangi ka faɗa musu tun da sauran lokaci. Iyaye kuma ina roƙonku kada ku ɗora wa yaro ɗaya ciwon gida gaba ɗaya don gudun bakin mutane. Idan mara lafiya ya ce zai cutar da wani, kada ku ce ciwo ne ke magana ku wuce, ku kai maganar inda za a tsare shi a ranar. Yayana, da ciwonsa da komai, ya faɗi gaskiya a inda ya kamata a faɗe ta. Ni da ke da lafiya na hana ta isa.